Ranar da Firinta Ta Hau Saman Malam

Sati biyu ke nan da dawowata daga Batsari, amma har yau ban huta da tambaya ba. A ofis a tare ni, a waya a tare ni, Yaya ma ta kira daga Kano tana son jin yadda aka tura mutum gyaran awa biyu ya share kwana uku, ya dawo da ƙunshin rogo da hijabin da ba nasa ba. Bakina ya gaji. Ga shi nan na rubuta, duk wanda ya sake tambayata zan miƙa masa ya karanta da kansa.

Ga waɗanda ba su san ni ba, ni Bakanuwa ce, aiki ya ajiye ni a Katsina, a wani ɗan kamfani da ke haɗa wa makarantu da asibitoci intanet. Ranar Litinin oga ya kira ni ya ce akwai wata Islamiyya a Batsari mai ɓangaren sakandare, kwana biyar ke nan ɗakin kwamfutarsu ba ya shiga intanet. Ɗalibai arba'in da uku 'yan ajin ƙarshe ba a yi musu rajistar jarrabawa ba, kuma ranar Alhamis ƙarfe huɗu za a rufe. Ba mu muka haɗa musu kayan ba. Wanda ya haɗa ya koma Legas, wayarsa kuma ta koyi rashin ɗauka. Oga ya ce, "Ƙaramin abu ne, ki je ki dawo kafin la'asar." Duk ranar da oga ya ce ƙaramin abu ne, kamata ya yi mutum ya ɗauki buroshi da kayan canji. Ni ban ɗauka ba.

Talata da safe na shiga mota a tasha. Mu huɗu a baya, biyu a gaba, ga buhun taki a kan ƙafafuna wanda ba nawa ba. Mai takin wata dattijuwa ce 'yar Wagini. Kafin mu fita gari ta san sunana da unguwarmu, ta san ba ni da aure, ta kuma yi mini addu'a a kan haka ba tare da na roƙa ba. A Kano sai ka zauna kusa da mutum a mota daga farkon hanya har ƙarshenta, ba abin da ya haɗa ku sai "ɗan matsa". A nan kuwa shiru rashin tarbiyya ne, don haka na ba ta tarihin gidanmu har kakanni.

Shinge uku muka wuce. Na ƙarshe, dab da gari, na 'yan sintiri ne. Suka leƙo suna gaisawa da kowa da sunansa, har suka iso kaina.

"Wagga fa? Wurin wa za ta?"

Na ce makaranta zan je gyara. Aka buɗe jakata, sai ga wayoyi a nannaɗe da filaya da wata 'yar na'ura mai ƙyafta ido. Na ga fuskokinsu sun canza. Dattijuwar ce ta leƙo ta ce, "Kai Lawwali, ɗiyata ce, ruhe mata jaka." Aka rufe, aka yi mana fatan sauka lafiya. Ban ji haushinsu ba, don kusan sana'armu ɗaya: wanda aka sani ya wuce, wanda ba a sani ba ya tsaya. Sai dai nawa mai gadin na'ura ne, ba a ce masa ɗiyata ce.

An ce mini wani Malam Sabi'u zai tarbe ni a tasha. Na sauka na tsaya a inuwar darbejiya. Wani dattijo siriri mai farar hula ya wuce ni sau uku, yana leƙa kowace mota, yana tare duk namijin da ya ga ya rataya jaka. A na huɗu na ce, "Baba, ko injiniya kake nema?"

"Shi kau, ɗiyata. Kin gane shi?"

Na ce na gan shi, ga shi nan tsaye a gabanka. Ya dube ni, ya dubi jakar, ya yi salati a hankali. Sannan ya ɗauko gaisuwa tun daga tushe: gajiya, hanya, mutanen Katsina, mutanen Kano, iyaye, oga, damina. Na yi ta "lafiya lau" har na fara amsawa kafin ya tambaya.

A hanyarmu ta zuwa makaranta na ji labarinsa. Baba Sabi'u manomi ne ɗan Yasore. Da zuwa gona ya gagara saboda rashin tsaro, sai ya kwaso iyalinsa ya dawo cikin gari, Malam mai makarantar ya ba shi shara. Yana shara yana leƙen malamin kwamfuta, har ya koyi bugu da yatsa biyu yana da shekara hamsin da wani abu. Da malamin ya samu wani aiki ya tafi, shi aka damƙa wa mabuɗin ɗakin. Ya zaro shi daga aljihu ya nuna mini, ɗaure da igiya. Ya ce kwamitin makaranta, wanda Alhaji Tukur ƙanen Malam yake shugabanta, ya yanke cewa in Alhamis ta wuce ba rajista, ya ajiye mabuɗi.

"Ni kau yanzu ba ni da wata gona sai ɗakin nan," in ji shi.

Ɗakin kuwa ya sha gyara. Sai an cire takalmi ake shiga. Kowace kwamfuta an lulluɓe ta da ƙyalle mai aikin hannu, firinta har da nata mai geza. A ofishinmu kwamfuta kan kwana da kwanon wake a kanta, ba mai cewa komai.

Bari in yi bayani sau ɗaya, saboda 'yan uwana da har yanzu suke ganin aikina duba ne. Intanet ɗin makarantar daga wani faranti yake saukowa a kan rufi, ya shiga wani akwati da ke manne a bango. Akwatin nan shi ne mai gadi. Kowace waya da kowace kwamfuta tana da lambar shaida da aka ƙera ta da ita, a cikin akwatin kuma akwai jerin waɗanda aka yarda su shiga. In na'ura ta zo, mai gadi zai karanta jerin daga sama zuwa ƙasa, layin da ya fara cin karo da shi wanda ya shafe ta, a nan zai tsaya. Layin ƙarshe kuma kullum cewa yake, duk wanda ba a ambata ba a hana shi.

Abin mamaki a nan, wayoyin malamai duk suna shiga, amma kwamfuta goma sha ɗaya da firinta an hana su. Na bi wayoyin bango ɗaya bayan ɗaya, lafiyarsu ƙalau. Na jona tawa kwamfutar, mai gadi ya ce bai san ni ba. Na gwada jona kwamfutar rajista da intanet ɗin wayar wani malami, ashe wayoyin malamai hanyar saƙo kawai aka buɗe musu, shafin rajista ba ya buɗuwa. Na ce to bari in shiga ta ƙofar baya, don akwai wani ɗan rami a bayan akwatin da ake soka kebul na musamman. Na ɗaga akwatin, sai na tarar zanzaro ya riga ni, ya gina ɗaki a ramin har da 'ya'ya. Na tone da allura, amma ƙarafan ciki sun ci tsatsa. Abin da ya rage shi ne in goge komai in fara daga farko, saitin farantin kuwa yana cikin kan mutumin Legas, ga shi masu jarrabawa ta layin makarantar nan kaɗai suke karɓar rajistarta.

Na ce, "Baba, me aka taɓa?"

"Ba a taɓa komi ba."

Duk wanda ya yi aikin nan ya san wannan amsar, ita kowa yake bayarwa, daga gwamna har mai shayi. Na sake tambaya bayan awa ɗaya, ya ce ƙila tsawa ce. Sai bayan azahar, da aka kawo dafaffen rogo da ƙuli da yaji, ina ci shi bai taɓa ba, ya cire hularsa ya zaro wata takarda a ninke daga ciki.

Tsohon jerin ne. Shi ya buga shi ya manna a bango, don a ga yana kula da aiki. Na ɗaya firinta. Na biyu kwamfutar rajista, sai sauran kwamfutoci. Na goma sha uku Sabi'u, don shi yake tsaye a wurin ranar da aka haɗa. Na goma sha huɗu Malam. Alhaji Tukur yana can na ashirin, ƙarƙashin mai gadin makaranta.

"Alhaji ya shigo ya gani," in ji Baba Sabi'u. "Ya ce, Sabi'u, a makarantar da Malam ya gina da hannunshi, injin buga takarda ne gaba da shi? Kai ma kana samanshi? Ya ce kahin gobe a gyara, kowa ya koma matsayinshi."

Ya kuwa gyara. Malam na ɗaya, Alhaji na biyu, sai malamai bisa shekaru. Akwai biyu da aka rasa wanda ya girmi wani, sai da ya aika gidajensu aka tambayo. Kansa ya sa a ƙarshen mutane. Da ya zo kan layin da ke cewa a hana saura, sai ya ga ai ya dace ya zama iyaka tsakanin ɗan Adam da ƙarfe, ya jawo shi ƙarƙashin sunansa, ya jera injuna a ƙasa. A gefen sunan Malam kuma ya ga wasu 'yan akwatuna na izini, ya ce ina wurin da za a hana Malam shiga, ya cike su duka. Ya danna ajiyewa. Nan take allon ya daskare, don kwamfutar da yake zaune a kanta ita ma ƙarfe ce.

Na yi dariya har rogo ya sarƙe ni. Shekara shida ina wannan aiki, na ga ɓarnar ɓera, na ga ta tsawa, na ga ta ɗan oga, ban taɓa ganin ladabi ya kashe intanet ba. Da na ɗago na ga fuskar Baba Sabi'u, sai na ji kunya ƙwarai.

"Don Allah, ɗiyata, kada ki ce ma Malam Alhaji ne ya sa ni. Ba a shiga tsakanin wa da ƙane. Ni na danna."

Na ce na ji, ko da yake raina bai so ba. Amma labarinsa ya ba ni mafita. Tunda ya cike wa Malam duk izini, wayar Malam ce kaɗai a duniya da mai gadi zai bari ta shiga ta gyara jerin. Na ce a kawo wayar Malam. Ya ce Malam yana Safana, mijin ƙanwarsa ya rasu, kuma in yana zaman makoki kashe waya yake har a yi addu'ar uku. Na ce a kira wani na kusa da shi ya karɓo. Baba Sabi'u ya dube ni da tausayi.

"Ba a aika ma Malam. Zuwa ake."

La'asar ta kawo kai, kuma a can in la'asar ta yi ba mai hawa hanya. Gidan Baba Sabi'u na sauka, ɗaki biyu na haya. Matarsa Inna Marka ta dubi wandon da ke ƙarƙashin rigata, ta miƙo mini zane. Ta tuƙa tuwon dawa da miyar kuka wadda daddawarta ta isa ta tashi mara lafiya, ta zauna ta tsare ni sai da na cinye malmala biyu. Da safe tana zuba mini koko ta ce, ƙasa ƙasa, "Tun da abin nan ya faru bai ci tuwon kirki ba. Ki taimake shi, ya sha baro wuri." Na ce in sha Allahu.

Motar Safana ba ta cika ba sai wajen sha ɗaya, ga ruwa an kwana ana yi. Ba mu yi nisa ba muka kafe a wani kwari. Maza suka fita turi, aka bar ni a ciki da wata akuya. Da motar ta fita daga laka sai ta ƙi tashi, Baba Sabi'u kuma, Allah ya saka masa, ya sanar da jama'a cewa akwai injiniya a mota. Direba ya buɗe gaba ya matsa gefe cikin girmamawa. Na ce ni ta kwamfuta ce. Ya ce ai duk waya ce. Don kada in ba da Kanawa, na leƙa na girgiza kan batir, Allah ya rufa asiri ashe shi ne ya saki. Wani mai jaki da ya wuce mu muna kafe, muka wuce shi, ya sake wuce mu a shinge, ya ɗaga mana hannu.

Bayan azahar muka isa gidan rasuwar. Na zaci zan gaisa, in karɓi waya, mu juya. A ƙofa wata mata ta dubi gyalena, ta shiga ta fito da hijabi har ƙasa ta zura mini, ta ja ni cikin gida. Haka na zauna a tabarma cikin mata ina ta'aziyyar mutumin da ko sunansa ban sani ba. A Kano minti goma ka yi addu'a ka shafa ka tashi. A nan aka kawo dambu, aka kawo fura, aka tambaye ni ta ina na haɗa dangi da marigayi. Na ce ta wajen Malam. Wata tsohuwa ta ƙura mini ido ta ce lallai ga hancin nan, na gidan ne. Ban musa ba.

Sai bayan la'asar aka ce Malam zai gan mu a zaure. Na yi tsammanin wani ƙaton mutum mai rawani. Sai ga ɗan tsoho ƙanƙani, idonsa kamar yana shirin dariya. Baba Sabi'u ya zube tun daga bakin ƙofa, ni ma na durƙusa. Aka yi gaisuwa, aka yi ta'aziyya, aka sake gaisuwa. Sannan na yi bayani iya yadda zan iya, na tsallake sunan Alhaji kamar yadda na yi alkawari.

Malam ya sa hannu a aljihu ya fito da wani ƙunshin hankici, ya warware. Wayar ce. Fuskarta a tsage, bayanta ɗaure da roba.

"Wagga ce mabuɗin makaranta duka?"

Na ce ita ce, Allah gafarta Malam.

"Ni kau karatu kawai nike saurare da ita. Wa ya naɗa ta wannan sarauta?"

"Ni ne, Allah shi gafarta Malam," in ji Baba Sabi'u, kansa a ƙasa.

"Kai kaɗai?"

"Ni kaɗai."

Malam ya daɗe yana kallonsa. Sannan ya mayar da wayar cikin hankici ya ce gobe in an shafa addu'a za mu tafi tare, yana son ya ga inda aka ajiye shi. Na so in ce a ba ni wayar in yi sammako, amma Baba Sabi'u ya yi gyaran murya, na haɗiye. A gidan na kwana, tsakanin tsohuwar nan mai ganin hanci da wata jikarta mai shuri.

Ranar Alhamis addu'a ba ta watse ba sai sha ɗaya. Na ce to, tafiya da Malam ai ba mai tsayar da mu. Ashe na yi kuskure. Ba a bincike mu ko sau ɗaya ba, amma a kowane shinge sai an tsayar da mota an zagayo an durƙusa, an yi ta'aziyya, an roƙi addu'a. Malam kuwa ba ya gajarta wa kowa. Ina duba agogo ina cizon leɓe, Baba Sabi'u yana gaba ya ƙanƙame aljihun da mabuɗi yake.

Ɗaya da rabi muka shiga makaranta. Ɗalibai sun yi layi a baranda, iyaye a gindin bishiya, malamai duk sun hallara. Alhaji Tukur yana bakin ƙofa cikin babbar riga mai sitaci, mutum mai jiki da murya. Ya gaida yayansa, ya dube ni ya ce, "Ita ce injiniyar?" Na ce ni ce, ina wuni.

Aka shimfiɗa wa Malam darduma a cikin ɗakin. Na kunna wayar, ta ɗauki lokacinta kamar mai ita, sannan mai gadi ya wangale mata ƙofa. Kalmar sirri tana rubuce a bayan takardar cikin hula. Jerin ya fito. Na kama layin hani na jawo shi can ƙasan injuna, na ajiye. Firinta ta yi tari ta fara fitar da takardun da aka tura mata tun kwana bakwai. Yara suka yi shewa a waje. Ni kuwa kaina ya kumbura, don na gyara ba tare da na taɓa girman kowa ba, Malam yana na ɗayansa.

Ɗalibar farko ta ɗora yatsa a na'urar ɗaukar hoton yatsa. Abin ya yi ta juyawa. Minti shida kafin sunanta ya shiga. Na yi lissafin sauran arba'in da biyu, na ga sai magariba. Na koma cikin akwatin na duba, sai na gane abin da ya sa mutumin Legas ya jera injuna a sama, ashe ba rashin kunya ba ne. Mai gadin nan bisa jeri yake raba hanya, na sama ya ƙoshi kafin na ƙasa ya samu. Ga wayoyi goma sha biyar a tsakar makaranta suna jan hotuna da bidiyon da aka turo musu, kwamfutar rajista tana lasar abin da ya rage.

Ba yadda zan yi, na juya na durƙusa. Na ce, "Allah gafarta Malam, hanya biyu ce. Ko kowa ya kashe wayarsa, ko injuna su koma sama da mutane."

Alhaji Tukur ya ce, "A kashe wayoyi mana. Wace irin magana ce wannan?"

Malam ya ce, "Yau a kashe. Gobe fa? Kullum yara za su yi karatu sai an bi dattawa ana roƙo?" Ya juyo gare ni. "Shi akwatin, ya san waye Malam?"

Na ce bai sani ba, lamba kawai ya sani.

"To ki ɗora su. Wanda ke aiki shi ke gaba."

Na ɗora. Kwamfutar rajista ta ɗaya, firinta ta biyu, saura suka bi. Na mayar da izinin gyara kan kwamfutar ɗakin, na sauke wayar Malam daga sarautarta. Daga nan layi ya fara tafiya, Baba Sabi'u a kan kujera yana bugu da yatsunsa biyu, ni ina dangwala yatsun yara. Wata yarinya ta sha lalle har na'ura ta ƙi ganin yatsanta, sai da muka gwada takwas kafin ɗaya ya shiga. Huɗu saura minti ashirin sunan ƙarshe ya wuce. Na zauna a ƙasa.

Ban gama numfashi ba Alhaji Tukur ya gyara riga ya ce, "Alhamdu lillahi. Amma Yaya, abin da ya faru ba ƙarami ba ne. Da yaran nan sun rasa shekara guda. Wanda hannunshi ya jawo haka, kwamiti na ganin ya aje mabuɗi, a nemo mai ilimin abin."

Baba Sabi'u ya miƙe, ya kwance igiyar, ya ajiye mabuɗin a kan tebur da hannu biyu. Raina ya ɓaci har na ji kunnuwana suna zafi. Na buɗe baki, sai ya dube ni ya girgiza kai kaɗan. Na rufe, amma wallahi da ƙyar.

Malam bai kalli mabuɗin ba. Ya ce, "Injiniya, saura aiki guda. Cikin mutane har yanzu ni ne a sama?"

Na ce shi ne.

"A kai ni ƙasa, dab da layin hani. Ba ke ba. Sabi'u ya ɗora ni, shi za ya sauke ni."

Akwai 'yar kibiya a gefen kowane suna, dannawa ɗaya tana sauke shi layi ɗaya. Baba Sabi'u ya dubi kujera, ya kasa zama. Ya durƙusa a gaban tebur, ya miƙa hannu sama, ya ce, "A gafarce ni," ya danna. Sunan Malam ya sauka, na Alhaji Tukur ya hau.

Alhaji ya zabura. "Subhanallahi! Yaya, ni a samanka? A sauke ni nima!"

"A'a, Tukur, zauna nan," in ji Malam, ko murya bai ɗaga ba. "Kai ka damu da sama."

Alhaji ya sunkuyar da kai yana gyara hannun rigar da ba abin da ya same ta.

Baba Sabi'u ya ci gaba. Kowace dannawa da tata neman gafara. Malam ya wuce malaman hadisi, ya wuce na lissafi, ya wuce mutum biyun da aka tambayo shekarunsu, ya wuce mai gadin makaranta. Sau goma sha uku na ƙirga, sai hannun ya tsaya. Suna ɗaya ya rage a ƙasan na Malam.

"Danna," in ji Malam.

"Allah shi gafarta Malam, sunana ne."

"Na iya karatu, Sabi'u. Danna."

Ya danna. Ban ji abin da ya ce ba a wannan karon, muryar ba ta fito ba. Ni ma na juya ina naɗe kebul ɗin da na riga na naɗe, don kada a ga injiniya tana hawaye.

Malam ya dafa sandarsa ya miƙe. Da ya zo wucewa ta gaban tebur, ya sa yatsa ya tura mabuɗin zuwa inda Baba Sabi'u yake durƙushe.

"In an gama, mai ɗaki ya ruhe ɗakinshi."

Sai da Baba Sabi'u ya kai hannu sau biyu kafin ya iya ɗauka.